Babi na Huɗu: Bincike Tun Zangon Farko, Dabara Ce Ko Gaggawa?

Da wuya ɗalibin da ya samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin injiniya ya cika wata guda a jami'a bai yi wannan tambayar ba: "Shin in shiga aikin bincike a hannun wani malami tun yanzu, ko in bari sai na gama kwasa-kwasai na san inda na dosa?" In ya tambayi mutum biyu, amsa biyu zai samu. Ɗaya zai ce masa ya yi maza ya kama malami kafin gurabe su cike. Ɗayan kuma zai ce ya rufa wa kansa asiri, ya fara tsira da makinsa tukuna, ai bincike ba guduwa zai yi ba.

Kowannensu yana da hujja, kuma kowannensu akwai abin da ya bari bai faɗa ba. Amsar da wannan babi zai kare ita ce a fara da wuri, amma a fara da ɗan ƙaramin aiki. Kafin mu kai can, sai mun san wane irin karatu ne wannan, sa'o'i nawa yake ci, da abin da ake sa ran sabon shiga ya fita da shi bayan wata huɗu.

Wane irin karatu ne wannan?

A kwas na yau da kullum, duk tambayar da malami ya ba ka ya riga ya san amsarta. Shi ya tsara darasi, shi ya tsara jarrabawa, amsoshin suna kulle a teburinsa. A bincike kuwa, tambayar da za ku zauna a kanta babu wanda ya san amsarta tukuna, har shi malamin. Abin da ya fi ka da shi shi ne ya san hanyoyin da ake bi a nemo amsa, ya san waɗanda aka bi aka dawo hannu rabbana, kuma yana iya gane sakamakon ƙarya tun daga nesa. Babu aji, babu jarrabawar ƙarshen zango. Abin da ke akwai shi ne ganawa da malami sau ɗaya a mako ko a mako biyu, da ɗan teburi a ɗakin gwaje-gwaje, da rahoton da za a miƙa a ƙarshe.

Wannan salon koyarwa daga Jamus ya yaɗu. Jami'ar Berlin, wadda aka kafa a 1810 bisa tunanin Wilhelm von Humboldt, ta tsaya a kan cewa koyarwa da bincike tare suke tafiya. Daga shekarun 1820, masanin sinadarai Justus von Liebig ya riƙa tsayar da ɗalibansa a gaban kayan gwaji a garin Giessen, kowa da ɗan guntun aikinsa a cikin babban aikin malamin. Jami'ar Johns Hopkins ta ɗauki wannan tsari a Amurka lokacin da aka buɗe ta a 1876. Ɗakin gwaje-gwajen da za ka shiga yau, da farfesa a sama, masu digiri na uku a tsakiya, sababbin shiga a ƙasa, jikan wancan ɗakin na Giessen ne.

Kowace ƙasa da tsarinta

Nauyin tambayar tamu ya danganta da inda mutum yake karatu, kuma 'yan'uwanmu da suka fita da tallafin PTDF ko TETFund ko na gwamnatocin jihohi sun bazu a tsare-tsare daban-daban.

A Amurka ne tambayar ta fi zafi. Digiri na biyu a can galibi kiredit 30 ne ko sama da haka kaɗan, kuma hanya biyu ce: mai kundin bincike da marar kundi. Sassan injiniya da yawa suna da wani kwas mai lamba kamar sauran kwasa-kwasai, amma ba shi da aji. Ɗalibi yana rajistarsa ne idan wani farfesa ya amince ya duba aikinsa. Babu wanda zai raba maka malami. Kai za ka nema. Sassa da yawa kuma sun ƙayyade adadin irin wannan kiredit da za a lissafa a cikin digiri, saboda haka sai a duba kundin dokokin sashe kafin a yi rajista.

A Birtaniya, digirin da aka fi yi na wata 12 ne, kiredit 180, kuma 60 daga ciki na kundin bincike ne da ake yi bayan jarrabawa, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. A nan zangon farko na aji ne zalla, sai dai wanda ya fara leƙa ofisoshin malamai tun Oktoba shi yake zaɓar aikin da ransa yake so idan jerin batutuwa ya fito.

A yawancin ƙasashen Turai da ke bin yarjejeniyar Bologna ta 1999, digirin kan ɗauki shekara biyu, kiredit 120. Wasu jami'o'in sun gina ƙananan ayyukan bincike a cikin manhaja. A sashen injiniyan lantarki na ETH da ke Zurich, alal misali, ɗalibi yana yin aikin zango a wani ɗakin gwaje-gwaje kafin ya kai ga babban kundi na wata shida. A China da Japan kuwa ba a ma yin tambayar, domin da malaminka kake shiga, kuma tun makon farko kana cikin taron mako-mako na ɗakinsa. Jami'o'in Malesiya suna ba da zaɓi uku: kwas zalla, bincike zalla, ko gamin gambiza.

A gida, mafi yawan jami'o'inmu suna fara wa ɗalibi da kwasa-kwasai, ciki har da na dabarun bincike, sannan a raba masu duba aiki, a kare shawarar batu, a shiga aikin sosai. Amma babu dokar da ta hana ɗalibi a Zariya ko Kano ko Bauci ya je wurin malami tun zangon farko ya ce a ba shi abin taɓawa. Waɗanda suke daɗewa ba su gama ba, sau da yawa waɗanda ba su taɓa tunanin batu ba ne sai ranar da aka kafe sunayen masu duba aiki.

Me sabon shiga zai iya tsinanawa?

Wannan ce fargabar kowa: "Ni da ban ma yi manyan kwasa-kwasan ba, me zan ƙara wa farfesa?" Duk wanda ya taɓa zama a garejin gyaran mota ya san amsar. Yaron da aka kai koyon kanikanci ba ya fara da buɗe injin. Wanke ƙarafa yake yi a cikin fetur, ya miƙa sifana, ya riƙe fitila. Amma yana cikin wankin nan hannunsa yake sanin bambancin ƙarfen da ya cinye da mai lafiya, kunnensa yake koyon kukan injin. Ranar da maigidan zai ce masa ya sauke giya shi kaɗai, an daɗe da gama koyarwar. Haka ɗakin bincike yake. Aikin zangon farko shi ne daidaita ma'auni, gyara lissafin kwamfuta da wani ya bari, tsabtace bayanai, da maimaita gwajin da wasu suka riga suka wallafa don a ga ko zai fito kamar yadda suka ce.

Tarihin injiniya yana da shahararren misali. A 1936 wani saurayi ɗan shekara 20, Claude Shannon, ya gama Jami'ar Michigan da digiri biyu, na injiniyan lantarki da na lissafi, ya tafi MIT. Aikin da aka ba shi da zuwansa shi ne kula da wata ƙatuwar na'urar lissafi ta Vannevar Bush, mai cike ɗaki da sanduna da ƙafafun ƙarfe masu juyawa, wadda saita mata matsala guda kan ci kwanaki. Na'urar tana da wani sashe na makunnan lantarki masu buɗewa da rufewa da kansu, kuma a wancan zamani gwaninta da gwaji ne kawai suke tsara irin wannan haɗi. Shannon ya taɓa karanta lissafin gaskiya da ƙarya na George Boole a wani kwas na falsafa. Yana cikin fama da makunnan nan ya lura cewa makunni ko dai a buɗe yake ko a rufe, kamar yadda zance a lissafin Boole ko dai gaskiya ne ko ƙarya. Ya rubuta kundinsa a kan haka a 1937, aka wallafa shi a 1938, kuma a kan wannan tunani aka gina tsarin haɗa sassan kwamfutar zamani.

Ba a kawo labarin don kowa ya sa ran zama Shannon ba. Abin lura shi ne jerin yadda abubuwan suka zo. Aikin hannu ne ya fara zuwa, tambaya ta biyo baya. Da ya zauna jiran sai ya gama karatun aji kafin ya taɓa na'ura, da bai ga matsalar da ilmin nasa ya dace da ita ba.

Lissafin sa'o'i

Masu cewa a jira su ma ba wasa suke yi ba, kuma lissafi yana bayansu. A ma'aunin Amurka, kiredit ɗaya yana nufin sa'a ɗaya a aji da aƙalla sa'a biyu na aiki a waje, kowane mako, na kimanin mako 15. Bincike mai kiredit 3 ke nan sa'a 9 ne a mako, sa'a 135 a zango. Ɗalibin digiri na biyu mai cikakken karatu galibi kiredit 9 yake ɗauka, wato sa'a 27 a mako a kan takarda, kuma duk wanda ya yi manyan kwasa-kwasan injiniya ya san takardar ta yi rowa. In kuma yana aikin taimaka wa malami don samun abin kashewa, wannan kan kai sa'a 20 a mako. A Turai, kiredit ɗaya sa'a 25 zuwa 30 ne, zango guda kuma kiredit 30, wanda ya yi daidai da cikakken aikin ma'aikaci.

Ƙara a kan wannan abin da ba a rubuta a manhaja: neman ɗaki, buɗe asusun banki, sabawa da harshen malamai, sanyi, kewar gida. Sannan yawancin makarantun gaba da digiri a Amurka suna buƙatar matsakaicin maki kada ya gaza 3.0 cikin 4.0, masu ba da tallafi kuma suna duba sakamakon kowane zango.

Akwai wani hali da bincike yake da shi wanda kwas ba shi da shi. Aikin gida yana da ranar miƙawa, bincike ba shi da ita. Saboda haka ɗaya daga cikin abu biyu yakan faru. Ko dai a yi ta ture shi gefe duk makon da jarrabawa ta matso, har zango ya ƙare babu abin nunawa, ko kuma ya yi daɗi ya cinye dare da rana, kwasa-kwasai su sha kashi. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda zai yi rajistar bincike ya sa shi a madadin kwas guda, kada ya ɗora shi a kan cikakken kaya. Ya ware masa ranaku sanannu a mako kamar yadda aji yake da lokacinsa.

Yadda ake rage tambaya ta dawo daidai zango

Mafi yawan binciken zangon farko da ya lalace, tun daga girman tambayar ya lalace. Bari mu ɗauki misali mu bi shi a hankali.

A ce wata ɗaliba ce a sashen injiniyan lantarki na wata jami'a a Arewa. Ta shiga ofishin malami ta gaishe shi, ta ce, "Malam, ina so in yi bincike a kan inganta wutar sola a Najeriya." Wannan buri ne mai kyau, amma aikin rayuwar mutum ɗari ne. Malamin kirki ba zai kore ta ba. Zai ce, "To Malama, wace matsala kika gani da idonki?" Ta ce ta lura duk lokacin hunturu batiran gidansu ba sa cika. "Me kike zato yake jawo haka?" Ta ce ƙura. "Ƙurar da ke sama tana tare rana, ko wadda ta kwanta a kan farantin sola?"

A nan bincike ya fara, domin abu biyu ne daban. Iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gurbin wani babban tafki da ya ƙafe. Wadda ke yawo a sama babu yadda mai faranti zai yi da ita. Wadda ta kwanta a kan gilashi kuwa ana iya gogewa. Tambayar sai ta dawo haka: a kan rufin sashen nan, cikin mako shida na hunturu, kashi nawa na wutar faranti ƙurar da ta kwanta take ragewa, kuma da wane sauri ragin yake ƙaruwa? Wannan tambaya ce da mutum ɗaya zai iya amsawa da faranti biyu da mita ɗaya.

Dabarar ita ce a ajiye faranti biyu iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, a karkace ɗaya. Ɗaya a goge shi kowace safiya, ɗayan a bar shi. Kowace rana da tsakar rana a auna su a lokaci guda. Tunda rana ɗaya da hazo ɗaya suke sha, bambancin da ya fito na ƙurar da ta kwanta ne.

Da jin haka kamar aikin sakandare ne. Sai an fara ake ganin inda gizo ke saƙar. Na farko, faranti biyu daga kamfani ɗaya ba sa ba da wuta daidai wa daida, saboda haka sai an auna su duka suna goge na wasu kwanaki an san bambancinsu na asali. Na biyu, zafi yana rage ƙarfin faranti. Lambar da aka rubuta a bayansa an auna ta ne a haske mai wat 1000 a kan kowace murabba'in mita da zafin digiri 25 na ma'aunin Salsiyos, kuma farantin silikon yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya hau. Farantin da ya kai digiri 60 a rana ya yi asarar kusan kashi 14 ke nan tun ba a zo maganar ƙura ba. Shi ya sa malamin zai ce ta auna ampiyar da ke gudana idan an haɗa wayoyin farantin biyu ta cikin mita kai tsaye, domin wannan ma'auni yana bin yawan haske ne, zafi bai cika taɓa shi ba. Na uku, ita kanta mitar tana da nata kuskuren. Idan kuskurenta zai iya kai kashi 2, bambancin kashi 1 da aka gani a rana ta uku ba ya nufin komai. Na huɗu, ranar da raɓa ta sauka ko iska ta share gilashin ko tsuntsu ya yi kashi a kai, sai an rubuta, in ba haka ba lambar ranar za ta zama abin mamaki marar dalili.

A ƙarshen zango ɗalibar nan ba za ta gano abin da duniya ba ta sani ba. An yi irin wannan awo a ƙasashen Larabawa da Indiya da wurare da dama. Amma za ta fita da lambobin rufinta da ta san iyakar gaskiyarsu, kuma ta koyi abu huɗu da ba a koyonsu da kunne: kwatanta abu da ɗan'uwansa, raba dalili da dalili, sanin kuskuren ma'auni, da rubuta abin da ya faru. Tambayar kundinta ma za ta fito daga nan da kanta: bayan kwana nawa ya kamata a goge, idan aka lissafa kuɗin ruwa da na mai gogewa?

Zama da malami

Kafin a sa hannu a takardar rajista, akwai abubuwan da ya kamata a daidaita, kuma a rubuce, ko da a shafi ɗaya ne ko a saƙon imel: tambayar da za a bi, sa'o'in da za a ba ta a mako, ranar ganawa, abin da za a miƙa a ƙarshe, yadda za a ba da maki, da wanda zai riƙa nuna aikin yau da kullum. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin a manyan ɗakuna farfesa yakan damƙa sabon ɗalibi ga wani mai digiri na uku, kuma halin wannan mutumin shi zai yanke yadda zangonka zai kasance. A tambaya kuma, idan aikin ya kai ga wallafawa, ina sunan ɗalibi zai zauna. Tun ran gini tun ran zane.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Mun tashi a kan cewa ba a musu da malami, ba a kallon idonsa, kuma "ban gane ba" kalma ce mai nauyi a baki. Wannan tarbiyya tana da kyau a wurinta, amma a ɗakin bincike tana iya cin mako uku. Malami ya yi bayani da sauri, ɗalibi ya ce "to", ya fita bai fahimci komai ba, ya je ya gina aiki a kan zato. Ko gwaji ya ƙi, ya ji nauyin kai labari, ya daina zuwa ganawa har sai ya samu abin daɗi, abin daɗin kuma ya ƙi zuwa. Mai duba aiki ya fi buƙatar labarin da bai yi daɗi ba, kuma da wuri, domin a nan ne ilminsa yake da amfani. Ladabi da faɗin gaskiya ba sa karo. Ana iya cewa, "Malam, a yi haƙuri a maimaita mini, ban kama ba," ko "Ranka ya daɗe, na bi hanyar da ka ce, ga abin da ya fito, bai yi daidai da abin da muka zata ba." Babu malamin kirki da zai ga raini a wannan.

Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga kowace ganawa da takarda mai layi uku: abin da na yi, inda na maƙale, abin da nake shirin yi. Bayan an fito, a aika wa malamin taƙaitaccen saƙo na abin da aka tsayar. Idan an yi rashin fahimta, a nan za ta bayyana tun tana ƙarama.

Littafin aiki

Ɗabi'a guda da ta fi cancanta a kafa a zangon farko ita ce rubuta komai a ranar da aka yi shi: kwanan wata, na'urar da aka yi amfani da ita, yadda aka saita ta, lambobin da suka fito, har da waɗanda suka ba da haushi. Bayanan asali a ajiye su yadda suka fito, a yi lissafi a kan kwafi, kuma a ajiye kwafin a wuri biyu.

Dalilin bai tsaya a mantuwa ba. Sabon ɗalibi mai son faranta wa malami yana cikin haɗarin share lambar da ta ɓata masa zane. A 2002 wani kwamiti ya binciki Jan Hendrik Schön, matashin masanin kimiyya a Bell Labs da ke Amurka, wanda ya yi ta wallafa sakamako masu ban mamaki a manyan mujallu. Wasu masana sun lura zane iri ɗaya yana fitowa a gwaje-gwaje daban-daban. Da aka nemi littattafan aikinsa da bayanan asali, bai iya kawowa ba. Aka kore shi, daga baya Jami'ar Konstanz ta janye digirinsa na uku. Ga injiniya abin ya ma fi haka nauyi, domin a kan lambobinsa ake zuba kankare ana ja wayar wuta.

Wa ya kamata ya jira?

Ba kowa ne fara rajistar bincike a zangon farko ya dace da shi ba. Wanda ya sauya fanni, misali daga kimiyyar lissafi zuwa injiniyan sadarwa, gara ya fara cike giɓi. Wanda ya shekara da yawa yana aiki hannunsa ya yi sanyi da lissafi, ko wanda harshen koyarwa yake ba shi wahala, ko wanda ya iso makonni bayan an fara karatu, shi ma haka. Sai kuma wanda bai san malaman sashen ba sam. Ɗaure kai ga mutumin da ba ka san halinsa ba yana da tsada, kuma barin malami a tsakiyar aiki ba ya da daɗi ga kowa.

Amma jira ba zama ba ne. Mai jira zai iya neman izinin halartar taron mako-mako na ɗakin da yake sha'awa, ya ɗauki kwas ɗin malamin ya yi fice a ciki, ya zauna da tsofaffin ɗalibansa ya tambaye su sau nawa suke ganinsa, kwana nawa rubutu yake yi a hannunsa, kuma waɗanda suka riga su sun gama a kan lokaci ko a'a. Wannan ma shiri ne, kuma ba ya taɓa maki.

Wanda kuwa yake da niyyar rubuta kundi ko wucewa digiri na uku, tushensa yana da ƙarfi, kuma ya samu malamin da ya yarda da ƙaramar tambaya, to ya shiga. Digirin zango huɗu ne ko ƙasa da haka, takardun neman digiri na uku a Amurka galibi a Disamba ko Janairu ake rufe karɓarsu, wato a zango na uku, kuma wasiƙar shaida daga malamin da ya ga aikinka shekara guda ta fi ta wanda ya san lambar jarrabawarka kawai.

Ma'aunin nasara

Idan zango ya ƙare, kada a auna shi da wallafa muƙala. A auna shi da tambayoyi huɗu. Shin zan iya bayyana matsalar da nake bi a cikin minti biyu ga wanda ba ɗan fannin ba? Shin akwai na'ura ko manhajar kwamfuta da na iya sarrafawa yanzu ba tare da an tsaya a kaina ba? Shin ina da sakamako guda, komai ƙanƙantarsa, da na san iyakar kuskurensa? Shin na san ko ni da wannan malami za mu iya tafiya tare har ƙarshe? Ko da amsar ta ƙarshe a'a ce, an ci riba, domin gara a gane haka a wata na huɗu da a gane a wata na ashirin.

Duk wannan yana tsaye ne a kan wata ƙwarewa da muka tsallake. A ganawar farko, kusan kowane malami zai tura wa sabon ɗalibi muƙalu biyar ko goma ya ce ya je ya karanta. Ɗalibin zai buɗe ta farko, ya tarar da shafi goma da aka cusa da lissafi da gajerun kalmomi, ya karanta sakin layi guda sau uku bai fita da komai ba. Muƙalar bincike ba a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe kamar littafin aji. Ta inda ake shigarta, abin da ake tsallakewa, da yadda ake gane wadda ta cancanci kwana uku da wadda minti goma ya ishe ta, shi ne aikin babi na gaba.